Babi na Biyar: Ciwon Ƙafar da Ke Zuwa da Dare

Akwai wani ciwo na yara da likita bai cika ganinsa da idonsa ba, sai dai a ba shi labari da safe. Yaro ɗan shekara shida zai wuni yana guje-guje, ya ci tuwonsa, ya kwanta lafiya lau. Can tsakar dare sai ya farka da kuka yana riƙe da ƙwauri. In aka ce ya nuna inda ke ciwo, ba zai ɗora yatsa a wuri ɗaya ba, sai ya shafo ƙafar tun daga cinya har ƙasa, ya ce, "Umma, nan duka." Uwa ta haska fitila ta duba: babu kumburi, babu rauni, jikinsa ba zafi. Ta zauna tana matsa masa ƙafar, bayan minti goma ko rabin awa barci ya ɗauke shi. Gari na wayewa shi ne na farko a tsakar gida yana tsalle, har uwar ta fara zargin ko shagwaɓa ce ta hana ta barci.

Ciwon gaske ne. Likitoci suna kiransa ciwon girma, ya kuma fi kama yara daga shekara 3 zuwa 12. Kamanninsa sanannu ne: ƙafa biyu yake kamawa, ko ya yi wannan yau wancan jibi, a tsoka yake zama, wato gaban cinya, sha-raɓa, ƙwauri da bayan gwiwa, ba cikin gaɓa ba, yana zuwa da yamma ko da dare, ya ɗauke kafin safiya, yana kuma yin hutu na kwanaki ko makonni kafin ya dawo. Iyaye da yawa sun lura ya fi zuwa a daren ranar da yaro ya sha wasa, kamar ranar Sallah ko ranar da aka yi ƙwallo har magariba.

Wani likitan Faransa mai suna Duchamp ne ya fara rubutu a kansa a 1823, shi ne kuma ya ɗora laifin a kan girma. Shekara ɗari biyu ke nan ana maimaita zancensa, amma lissafin bai fita ba. Jariri yana ƙara kusan santimita 25 a shekararsa ta farko. Yaro mai shiga balaga yana iya ƙara 8 zuwa 10 a shekara. A tsakanin waɗannan biyun, lokacin da tsawo ke tafiya a hankali da santimita 5 ko 6 a shekara, a nan ne ciwon ya fi yawa. Da girma ne ke kawo shi, da jarirai da 'yan shekara goma sha uku ne za su fi kowa kuka. Masu goyon bayan Duchamp sun ɗan sami abin riƙewa a 2004, lokacin da masu bincike a Jami'ar Wisconsin ta Amurka suka dasa 'yan na'urori a ƙashin ƙafar 'yan raguna, suka tarar kusan kashi 90 cikin 100 na tsawon da ƙashin ke ƙarawa yana faruwa ne sa'ad da dabbar ke kwance. Abin sha'awa ne, amma rago bai ce musu yana jin ciwo ba, kuma faruwar abu biyu a dare ɗaya ba ta sa ɗaya ya zama sanadin ɗayan.

Ko yawan yaran da ke fama da shi ma ba a daidaita ba. Naish da Apley, da suka duba 'yan makaranta a birnin Bristol na Ingila a 1951, sun sami kimanin 4 cikin 100. Evans da Scutter, a kudancin Ostireliya a 2004, sun sami kusan 37 cikin 100 na yara 'yan shekara 4 zuwa 6. Tazarar ta yi yawa don kowa da abin da yake ƙirgawa. A 2022 wasu masana a Jami'ar Sydney sun tattara bincike 145 da aka yi a kan ciwon, suka tarar rabi ne kawai suka ambaci ƙafa a bayanin abin da suke nufi, sama da kashi 90 cikin 100 kuma ba su ko ambaci girma ba.

Game da sanadinsa, abin da ya fi kama hankali shi ne gajiya. Tsoka da ƙashin yaro suna shan aiki da rana, da dare kuma, da komai ya yi tsit, ciwon ya sami fili. Likitocin yara a Isra'ila, Hashkes da Uziel da abokan aikinsu, sun ƙara wani abu a 2004: sun riƙa danna wurare a jikin yara da na'ura mai auna nauyin dannawa, suka ga masu wannan ciwo suna cewa "ya isa" tun kafin sauran. Wato jikinsu ya fi saurin jin zafi, ba a ƙafa kaɗai ba. Ya dace da abin da aka daɗe da lura da shi, cewa irin waɗannan yara sukan yi yawan ciwon kai da ciwon ciki, kuma sau da yawa in an bincika za a ji uwa ko uba su ma sun yi shi suna yara.

Babu gwajin jini ko hoto da zai nuna ciwon girma. Suna ne da ake bayarwa bayan an duba an ga ba wani abu ba ne. A ƙasar Hausa wannan magana ta fi nauyi fiye da yadda take a Bristol ko Sydney, saboda cututtukan da ke sa yaro kukan ƙafa da dare a nan suna da yawa, wasu kuma ba sa jira. Shi ya sa aikin likitan gashin ƙashi, wanda a asibiti ake ce wa fisiyo, ba ya farawa da tausa ko fitilar gashi. Da kallo yake farawa.

Wanda ya san aikinsa tun daga bakin ƙofa yake duba yaron: yadda ya shigo, ko yana taka ƙafa biyu daidai. Zai sa a cire masa takalmi, ya ce, "Abokina, taka ka je bangon can ka dawo. Yawwa. Yanzu da yatsu. Yanzu da dunduniya. Yi min tsalle da ƙafa ɗaya, sai ɗayar." Zai sa shi ya tsuguna ya miƙe ba tare da ya dafa gwiwa ba. Sai ya kwantar da shi ya bi ƙashin ƙwauri da na cinya da babban yatsa, yana dannawa yana kallon fuskar yaron, don fuska ta fi baki faɗin gaskiya. Ya lanƙwasa gwiwa, ya juya cinya ciki da waje don ya ji ko ƙugu na motsi sosai, domin ciwon ƙugu a yara yakan ɓuya ya fito a gwiwa. Sannan ya juya ga uwa: "Hajiya, da safe yaya yake tashi? Ƙafa ɗaya ce kullum ko yana canzawa? In kin matsa masa yana so, ko janye ƙafar yake yi?" Tambayar ƙarshen nan tana da amfani ƙwarai. Mai ciwon girma shi ke miƙo ƙafa yana cewa a ƙara matsawa. Yaron da ƙashinsa ke da ƙwayar cuta ko gaɓarsa ta kumbura ba zai bari a taɓa ba.

Abin da ake nema a kore da farko a wurinmu shi ne sikila, amosanin jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haihuwar jarirai kusan 150,000 masu ita a Najeriya kowace shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ɗauke da ƙwayar gadonta. Ciwon sikila a cikin ƙashi yake, yana ɗaukar awoyi ko kwanaki, ba ruwansa da wayewar gari, yakan kama hannu da baya da ƙirji, yakan kuma biyo bayan sanyi, zazzaɓi ko ƙishirwa. Mai nau'in SS galibi an san da shi tun yana ƙarami. Amma akwai nau'in SC, wanda ya fi yawa wajen Gana da Burkina Faso, da kan yi sauƙi har yaro ya kai makaranta ba a gane ba. A ganina duk yaron da ke yawan kukan ƙafa, ba a kuma san jinotaif ɗinsa ba, a fara da wannan gwajin kafin a yi zancen girma. Ba shi da tsada idan aka kwatanta da abin da rashinsa ke jawowa.

Na biyu shi ne zazzaɓin da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro, wanda ke kama gaɓoɓi sannan ya lalata ƙofofin zuciya. Yakan zo mako biyu ko uku bayan maƙogwaron ya warke, a yara 'yan shekara 5 zuwa 15, da kumburin da ke tashi daga gwiwa ya koma idon sawu ko gwiwar hannu. A Ingila ta farkon ƙarni na 20 likitoci sun ɗauki ciwon girma a matsayin somin-taɓin wannan cuta, har ana kwantar da yara masu lafiya a gado, sai a shekarun 1930 bincike ya raba su. Can cutar ta kusa ɓacewa. A nan tana nan, kuma kuskuren da ake tsoro yanzu shi ne akasin nasu: a ga gaɓa ta kumbura a ce girma ne.

Sai laushin ƙashi, mai sa ƙafa ta yi baka ko gwame, wuyan hannu ya yi kauri. A ƙasashen sanyi rashin hasken rana ke kawo shi. Mu rana ba ta yi mana rowa ba, amma binciken da Thacher da abokan aikinsa suka yi a Jos a kan yara 123, wanda aka buga a 1999, ya nuna ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci ne babban dalili a yaran, domin waɗanda aka ba kalsiyam sun fi warkewa a kan waɗanda aka ba bitamin D kaɗai. Yaron da abincinsa masara ce safe da dare, ba nono ba kifi, yana kukan ƙafa yana gajiya da tafiya, a duba ƙashinsa.

Akwai kuma waɗanda ba su da yawa amma ba a wasa da su. Ƙwayar cuta a cikin ƙashi tana zuwa da zazzaɓi da ciwo a wuri ɗaya. Sankarar jini a yara takan fara da ciwon ƙashi da dare, tare da ɗashewa, kasala, rama, ko jini na taruwa a ƙarƙashin fata ba tare da an buge ba. Wani ɗan tsiro a ƙashi kuma yakan hana barci kullum a wuri guda. Ba sai uwa ta haddace sunayensu ba. Abin da za ta riƙe shi ne safiya: in yaro ya tashi yana ɗingishi, ko gaɓa ta sage, ko ƙafa ɗaya ce kullum, ko akwai kumburi, zazzaɓi ko rama, ko ya daina wasan da ya saba, to wannan ba ciwon girma ba ne, asibiti za a nufa.

In an duba an ga lafiya, sai a zo ga magani, shi kuma ɗan kaɗan ne. Gwaji guda ɗaya aka fi kafa hujja da shi, wanda Baxter da Dulberg suka yi a Kanada aka buga a 1988. Yaran ba su kai 40 ba. An raba su gida biyu: rukuni ɗaya aka koya wa iyayensu miƙar da tsokar gaban cinya, ta bayan cinya da ta sha-raɓa, minti goma safe da yamma, ɗaya rukunin aka kwantar musu da hankali, aka ce su riƙa shafa ƙafar su ba da maganin ciwo. An bi su wata 18. Waɗanda ake miƙe wa tsoka ciwonsu ya ragu da sauri, cikin watanni ya kusa ɗaukewa, sauran kuwa ya daɗe yana dawowa. Gwajin ƙarami ne, kuma iyaye sun san rukunin da suke ciki. Mai shakka zai iya cewa minti ashirin na hannun uwa da hankalinta kowace rana shi ne maganin, ba miƙewar ba. Ni ban ga abin damuwa a wannan ba. Ko wanne ne daga ciki, ba a sayensa, ba ya kuma cutarwa.

Ga yadda ake yi. A shimfiɗa tabarma ko a yi a kan katifa mai tauri. Yaro ya kwanta rigingine, ƙafa a miƙe. Uwa ta tallafi dundunniyarsa a tafin hannunta, tafin ƙafarsa ya jingina da damtsenta na ƙasa, ɗaya hannun a kan gwiwa don kada ta lanƙwashe, sai ta tura tafin ƙafar a hankali zuwa wajen ƙwauri har ya ji agara da sha-raɓa sun ja. Ta tsaya a nan, su ƙirga ashirin tare, ta saki. Na bayan cinya kuma, yana nan kwance za ta ɗaga ƙafar sama a miƙe, ɗayar tana ƙasa, har inda ya ce ya ji ja. Yawancin yara ba za su kai ƙafar ta tsaya cak ba, kuma ba a neman hakan. Na gaban cinya sai ya juya rubda ciki, ta dafa ƙugunsa da hannu ɗaya don kada ya ɗaga, ta lanƙwasa gwiwar tana kai dunduniya wajen ɗuwawu. Kowanne a maimaita 'yan lokuta a ƙafa biyu. Ba a fizga, ba a girgizawa, ja ake so ya ji ba zafi ba. In ya ɓata fuska ya riƙe numfashi an wuce gona da iri. Kuma da rana ko kafin kwanciya ake yi, a ranar ciwo da ranar da babu, ba tsakiyar kuka ba. Inda iyaye suka fi faɗuwa shi ne mako na uku, da an sami dare biyar lafiya sai a bari. Gara a haɗa shi da abin da ba a mantawa, kamar bayan wankan safe da bayan sallar isha'i.

Akwai yaran da miƙewa ba ita suke buƙata ba. Su ne masu laushin gaɓoɓi, waɗanda babban yatsansu ke iya taɓa damtse, gwiwarsu na lanƙwashewa ta baya in sun tsaya. Tsokarsu tana ƙarin aiki don riƙe gaɓar da ba ta da ƙarfin kanta, shi ya sa suke gajiya. Irin waɗannan fisiyo zai ba su motsa jiki na ƙarfafawa ne: tsayuwa da ƙafa ɗaya, ɗagawa a kan yatsu, tashi daga kujera ba dafawa. Wannan na daga cikin dalilan da ya sa ya kamata a je ko sau ɗaya wurin mai ilimin abin, a manyan asibitocin koyarwa ko irin Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, a koya a dawo gida a ci gaba. Zancen shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa kuwa, da ake sayar wa iyaye takalma masu tsada a kansa, Evans da Scutter sun auna ƙafafun yara masu ciwon da marasa shi ba su sami bambancin a-zo-a-gani ba.

In ciwon ya zo da dare, tausa da ɗumi su ne na farko. A jiƙa tawul da ruwan ɗumi a matse a naɗe ƙafar, amma a fara gwada shi a cikin damtse, domin fatar yaro ba ta ɗaukar ruwan da babba ke gasa jiki da shi, kuma an sha kai yara asibiti da ƙuna daga gashin gida. In bai lafa ba a ba da farasitamol daidai nauyinsa, miligiram 15 a kowane kilo. Asfirin ba na yara ba ne, saboda wata cuta mai taɓa hanta da ƙwaƙwalwa da yake iya jawowa. A kuma faɗa wa yaron gaskiya, cewa an san yana jin ciwo, an duba ƙafarsa lafiya take, zai wuce. Tsoro na ƙara ciwo, yaro kuwa a fuskar uwarsa yake karanta ko abin tsoro ne.

Abin da nake roƙo a guje wa shi ne allura. Mutanenmu sun yarda allura ta fi ƙwaya ƙarfi, mai kemis kuma ba ya son ya mayar da ciniki. Akwai babbar jijiya da ke bi ta ɗuwawu ta sauka ƙafa, a yaro siriri kuma ba ta da nisa da fata. Allurar da ta same ta tana iya sa tafin ƙafa ya saki, yaro ya koma jan ƙafa, kuma sassan gashin ƙashi a Najeriya sun san irin waɗannan yara sarai. A kai yaro da ciwon da zai tafi da kansa kafin asuba, a dawo da shi da nakasar da za a yi watanni ana gashi, wani lokaci ma ba ta komawa daidai. Haka tsagar wanzami da ɗaurin maɗori: babu mataccen jini da za a fitar, babu karaya da za a ɗora.

Abin mamaki, ciwukan da girma ke da hannu a cikinsu da gaske ba su ake kira ciwon girma ba. Yaro ɗan shekara 12 ko 13 mai buga ƙwallo zai zo da wani ƙullutu mai ciwo a ƙasan ƙoƙon gwiwa, inda jijiyar cinya ke manne da ƙashin da bai gama ƙwari ba. Osgood a Boston da Schlatter a Zurich ne suka bayyana shi, kowa daban, a 1903. Ƙaninsa ɗan shekara 9 ko 10 kuma zai zo da ciwon dunduniya, inda agara ke jan guringuntsin da ke girma, wanda Sever ya bayyana a 1912. Waɗannan da rana suke ciwo, lokacin gudu ko bayansa, kuma yaro zai nuna wurin da yatsa ɗaya. Maganinsu a rage wasa na ɗan lokaci ba a hana gaba ɗaya ba, a miƙar da tsoka a ƙarfafa ta, a sa abu mai laushi a ƙarƙashin dunduniya. Suna ɗaukewa idan ƙashin ya gama haɗewa, ko da yake ƙullutun gwiwar yakan zauna, har wasu su riƙa jin sa lokacin sujada.

Shi kuwa na daren, likitocin Isra'ilan nan sun koma sun nemi yaransu bayan shekara biyar. Kusan rabi ciwon ya tafi gaba ɗaya, yawancin sauran kuma ya ragu, ba ya zuwa kamar da. Ba ya lanƙwasa ƙafa, ba ya tauye tsawo, ba ya zama sanyin ƙashi a girma. Don haka kada a hana yaro wasa ko zuwa makaranta saboda shi. Abin da za a ci gaba da yi shi ne sa ido, ko da wata 'yar takarda ce da za a riƙa rubuta ranar da ciwon ya zo, wace ƙafa, da yadda yaron ya tashi da safe. In salon ya canza, ya koma ƙafa ɗaya ko ya fara kaiwa hantsi, a ɗauki takardar a koma wurin likita a sake dubawa daga farko.